Zanen Bango: Wane Salo Ne Zai Zauna Lafiya da Ɗakinka?

Hoton da ya fi ɗaukar ido a waya ba kasafai yake zama wanda ya fi daɗin zama da shi a ɗaki ba. A waya kallon daƙiƙa biyar ake yi masa, a tafin hannu, haske na fitowa daga bayan gilashi. A bango kuwa faɗinsa mita uku ne ko huɗu, hasken taga ko na ƙwan lantarki ne ke sauka a kansa, kujera ta rufe ƙasansa, kuma da shi za a kwana a tashi shekara da shekaru. Saboda haka kafin a zo kan daji ko fure ko zanen lissafi, akwai tambayoyi biyu da su ke yanke yawancin hukuncin: tsawon wane lokaci ake zama a ɗakin, kuma daga wace tazara ake kallon bangon? Wurin da ake ratsawa a wuce, kamar mashigar gida da gefen matakala, yana ɗaukar zane mai ƙarfi da hayaniya. Ɗakin da ake zama awanni kuwa, in aka cika shi da irin wannan, ido zai gaji tun kafin fenti ya koɗe. Da wannan ma'auni zan auna salon da aka fi yayi.

Daji, teku da duwatsu

Wannan ne ya fi jan mutane, dalilin kuwa a fili yake: yana buɗe bango. Ɗaki ƙarami, sai ka ga kamar ya zarce zuwa wani fili. Dabarar daɗaɗɗiya ce. A Prima Porta, arewa da birnin Rum, akwai gidan Livia, matar Sarki Augustus, inda aka zana wani ɗaki da rabinsa ke cikin ƙasa wajen shekara ta 30 zuwa 20 kafin miladiyya. Bangon nan huɗu duk lambu ne: ɗan gajeren shinge a gaba, bishiyoyin rumman da tsuntsaye a bayansa, can nesa kuma ganyaye na narkewa cikin shuɗi mai hazo. An ciro zanen daga gidan, yanzu yana gidan tarihi na Palazzo Massimo. Abin lura shi ne yadda aka tsara zurfin. Abin da ke kusa an fito da shi sarai da launi mai ƙarfi, na nesa an bar shi dishi-dishi yana komawa shuɗi. Haka ido ya saba gani a waje, domin iska da ƙura suna dusashe duk abin da ya yi nisa. Zanen fili da ya bi wannan tsari zai ba ɗaki sarari. Wanda komai nasa ya fito da kaifi ɗaya daga gaba har baya kuwa matsowa yake yi, ya danne ɗakin da aka so ya buɗe.

A nan salon ya rabu biyu, kuma ratar da ke tsakaninsu babba ce: akwai hoton kyamara da aka faɗaɗa ya cika bango, akwai kuma fili mai laushi da aka zana da hannu, ko aka buga shi da kamannin zanen hannu.

Hoton kyamara shi ne mai saurin burgewa, shi ne kuma mai saurin gundura. Matsalarsa ta farko lissafi ce kawai. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, 4,000 a faɗi. Bango mai mita uku inci 118 ne. In ka raba, kowane inci zai sami ɗigo wajen 34, alhali masu buga manyan hotuna sukan nemi kusan 100 domin hoton da za a tsaya kusa da shi. Allon talla na bakin titi yana wucewa da ƙasa da haka saboda daga nesa ake kallonsa. A ɗakin kwana kuwa da fuskarka ke taku biyu daga bango, ganye zai koma dunƙule-dunƙule. Ta biyu ta fi wannan wuyar gyara: hasken da ke cikin hoto a tsaye yake cak. Ranar da ke faɗuwa a bayan tekun nan tana faɗuwa da asuba, tana faɗuwa da tsakar dare. In inuwar bishiyoyin hoton ta karkata dama, tagar ɗakinka kuma tana jefa inuwa hagu, mutum zai ji wani abu bai zauna daidai ba ko da ya kasa faɗin ko mene ne. Sai ta uku, kayan ɗaki. Talabijin a tsakiyar teku, soket a gindin dutse, rabin magangarar ruwa ta ɓace a bayan kabad. Hoto abu ne guda. Da ka rufe wani sashe nasa ya tashi daga aiki.

Fili mai laushi ya kuɓuta daga yawancin waɗannan. Duwatsu a jere cikin hazo, launi biyu ko uku masu dangantaka da juna, babu rana takamaimai, babu inuwa mai kaifi. Ba ya cewa shi taga ne, don haka ido ba ya kama shi da ƙarya. Turawa sun daɗe da gane wannan. Kamfanin Zuber da ke Rixheim a Faransa, wanda ya faro tun 1797, ya yi suna da takardun bango masu zagaye ɗaki da fili guda, ana buga su da sassaƙaƙƙun katakai. Ɗaya daga cikinsu, mai nuna wuraren Amurka ta Arewa, ya fito a 1834 cikin falle 32, kuma a 1961 Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sa aka manna shi a wani ɗakin karɓar baƙi na Fadar White House. Abin koyi a irin waɗannan takardu shi ne tsarinsu: kusan rabin sama duk sararin samaniya ne, wanda za a iya yankewa ya dace da tsayin ɗaki, kuma akan fara manna su ne daga saman wani katako da ke zagaye bango a tsayin bayan kujera. Wato tun farko an bar wa kayan ɗaki wurinsu.

Akwai kuma layin da sama ta haɗu da ƙasa. Ya kamata ya faɗo kusa da tsayin idon mai kallo. Mutum a tsaye idonsa na wajen santimita 150 zuwa 160 daga ƙasa, a zaune kan kujera kuwa ya sauko zuwa 110 ko 120. A falo da ɗakin cin abinci zama ake yi, don haka layin ya sauko. A mashiga a tsaye ake, ya ɗan hau.

Wanda nake ja wa mutane kunne a kai shi ne zanen ruɗin ido: tagar ƙarya, baranda mai kallon teku, doguwar hanya da ta shige cikin bango. Irin wannan daga wuri ɗaya tak yake aiki. A cocin Sant'Ignazio da ke Rum, Andrea Pozzo ya zana rufin a ƙarshen ƙarni na 17 ta yadda ginin ke kama da ya ci gaba da hawa sama, amma sai da aka kafa alamar dutse a daɓe domin mai kallo ya san inda zai tsaya. Ka matsa gefe, ginshiƙan su fara kwantawa. In gwani irin wannan bai tsira daga dokar ba, takardar da aka saya ta intanet ba za ta tsira ba. A ƙarshen dogon lungu, inda dole kowa ya tunkari bangon kai tsaye, yana yin kyau ƙwarai. A falon da kujeru ke kallon bangon ta kusurwa uku, biyu daga cikinsu karkataccen abu za su riƙa gani.

Ganye, rassa da tsuntsaye

Da za a ce in zaɓi salo ɗaya wanda da wuya ya ba mutum kunya, wannan zan ɗauka. Bambancinsa da fili shi ne ba shi da tsakiya. Reshe yana tashi daga ƙasa ya bazu, ganye ya biyo shi, kuma duk inda ka rufe, sauran na nan da ma'anarsa. Ƙofa ta ratsa shi, ba komai. Ya karya kwana ya hau bango na biyu, ba komai. Gado ya cinye mita ɗaya na ƙasansa, sai ya zama kamar daga bayan gadon bishiyar ta tsiro. Babu wani salo mai hoto da ke haƙuri da kayan ɗaki kamar haka.

Asalin wanda aka fi kwaikwayo a yau daga Sin yake. A ƙarni na 18 masu zane a birnin Guangzhou sun riƙa zana takardun bango da hannu, bishiyoyi masu fure da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, jiragen ruwa na kai su manyan gidajen Turai. Ba a maimaita zane a cikinsu. Kowane falle daban yake, amma yana haɗuwa da na kusa da shi. Masu mannawa ma sukan yanko tsuntsu daga ragowar takarda su liƙa a inda ya yi fili da yawa ko inda mahaɗa ta fito. Wannan dabara har yau tana aiki ga mai zanen hannu: tabo ya samu, a ɗora masa ganye.

Sai dai kada a haɗa shi da takardar bango mai maimaita fure, irin wadda mai zanen ado William Morris ya fara fitarwa a Ingila a 1864. Waccan ado ce mai tafiya bai ɗaya, tana rufe ɗaki duka, ido ya ɗauke ta a matsayin shimfiɗa. Zanen bango kuwa yana da sama da ƙasa, yana da wurin cika da wurin hutawa. Mai son ɗaki ya yi ɗumi ya rungume shi, maimaitaccen fure ya fi masa. Mai son bango ɗaya ya yi magana sauran su yi shiru, zane ya fi.

Inda ake yawan kuskure shi ne girman ganye. Mutane na ɗauka ƙaramin ɗaki sai ƙananan furanni. Sau da yawa akasin haka ne: ƙananan abubuwa barjat suna sa ido ya yi ta ƙirga, ɗakin ya ƙara cushewa, alhali manyan ganyaye 'yan kaɗan a kan bango mai haske suna barin numfashi. Amma babban ganye yana son tazara. In ba za ka iya ja da baya kamar faɗin bangon ba, ba za ka taɓa ganin zanen gaba ɗaya ba, sai gutsattsari. Launin baya shi ma yana sauya komai. Kore mai duhu ko shuɗi mai duhu a bayan furanni yana da kwarjini da dare a ƙarƙashin fitila, ya dace da ɗakin cin abinci. Da rana a ɗaki mai ƙaramar taga kuwa shanye haske yake yi. Ga wanda ba ya son hoton mai rai a ɗakinsa, salon ba ya rasa komai in aka cire tsuntsayen aka bar rassa.

Zanen lissafi

Taurari masu sarƙe da juna, murabba'i, alwatika, layuka. Wannan salo ba ya ba da labari, don haka ba ya tsufa irin tsufan hoto. Yana tafiya da kayan ɗaki na zamani masu miƙaƙƙun gefuna, yana kuma ba ɗakin aiki ko na karatu wani irin tsari. Amma a duk salon nan shi ne mara yafiya. Bango da yawa ba su miƙe yadda muke zato ba. Kusurwa takan kauce da santimita ɗaya ko biyu daga sama zuwa ƙasa, silin yakan ɗan gangara. Ganye yana ɓoye wannan. Layi kuwa tona shi yake yi: jerin taurari ya fara cikakke a hagu, kafin ya kai dama silin ya cinye kansa. A takarda ma, in mahaɗar falle biyu ta goce da milimita biyu, a reshe ba mai gani, a layi kowa zai gani daga bakin ƙofa. Duk mai son wannan salo ya fara auna tsayin bangon a wuri uku da faɗinsa a wuri uku. In lambobin sun sha bamban sosai, ko dai a bar fili mara zane a gefuna, ko a sauya shawara.

Fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya, wadda aka gina manyan sassanta a ƙarni na 14, ita ce makarantar wannan fanni. Mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, M. C. Escher, ya je ya kwafi tsarinta a 1922, ya koma a 1936. Darasin da ke cikinta ga mai ɗaki ɗaya ba yawan adon ba ne, rabon aikin ne. Tayil mai launuka masu ƙarfi yana ƙasan bango ne. Daga nan zuwa sama sassaƙa ce a jikin filasta, wadda haske da inuwa ke fito da ita. Ko a gida, zanen lissafi da ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na bango, ko ya zama ɗamara mai zagaye ɗaki, yakan fi wanda ya cika daga daɓe zuwa silin daɗin zama.

Ƙarfin bambancin launi shi ne abin tsoro. Baƙi da fari a siraran layuka na kusa da juna suna sa ido ya ga kamar bangon na rawa, masu ciwon kai na ɓari ɗaya kuma da yawansu ba sa jure shi. Zane ɗaya, in aka yi shi da launi biyu makusanta, kamar toka-toka mai haske a kan wanda ya ɗan fi shi duhu, sai ya zama abin da za a iya zama da shi shekara goma. A bayan tebur ɗin aiki, inda mutum ke ba shi baya, mai ƙarfin ma yana yiwuwa. A gaban tebur, a'a.

Af, batun nan da ake yawan faɗa cewa layukan tsaye suna ɗaga silin, kada a dogara da shi ɗari bisa ɗari. Tun 1867 masanin kimiyya Hermann von Helmholtz ya nuna cewa murabba'in da aka cika da layukan kwance shi ke kama da ya fi tsayi. Mai son silin ya yi sama, ya ba shi launi mai haske. Wannan ya fi tabbas.

Manyan fagagen launi

Rabin da'ira a bayan gado, baka mai kewaye tebur, bango da aka raba biyu da launi, ko launi ɗaya da ke narkewa daga duhu a ƙasa zuwa haske a sama. Wasu ba sa ma lissafa shi cikin zanen bango, amma a ɗakin kwana da ɗakin da ke cike da kaya ni shi nake fara kawowa. Yana yin aikin da sauran ba sa yi: yana tara kayan ɗaki wuri ɗaya, ya ce nan ne wurin barci, nan ne wurin karatu, ba tare da an gina komai ba. Kuma shi kaɗai ne mutum zai iya yi da kansa a yini ɗaya da igiya, fensir, tef ɗin takarda da rola. Ba a buƙatar hannun gwani, ana buƙatar awo mai kyau. Ba'amurken mai zanen nan Sol LeWitt, wanda ya fara zanen bangonsa a 1968, umarni kawai yakan rubuta, wasu su zana. Manyan gidajen tarihi kuma suka karɓi aikin.

Rauninsa biyu ne. In siffar ta yi ƙanƙanta ko ba ta da alaƙa da wani kayan ɗaki, sai ta zama kamar fentin da aka fara aka fasa. Baka a bayan gado ya kamata ya fi gadon faɗi, ba ya yi daidai da shi ba. Sannan yayinsa na wucewa da sauri. Amma gwangwanin fenti ɗaya ya isa ya shafe shi, abin da ba za ka faɗa game da takarda mai falle takwas ba.

Rubutu, taswira da ɗakin yara

Rubutu yana da wata ɗabi'a: wanda ya iya karatu ba ya iya ƙin karantawa. Duk shigowa sai ka karanta jimlar nan, ko kana so ko ba ka so. Kalmar ƙarfafa gwiwa da ta ratsa ka a makon farko, a wata na shida ta zama surutu. Rubutun ado mai lanƙwasa, wanda siffarsa ke gaba da saƙonsa, ya fi daɗewa. In kuma nassi ne mai alfarma, a yi tunanin inda bangon yake da abin da za a yi da shi ranar da za a sake fenti. Allon da ake ratayewa ya fi sauƙin girmamawa.

Taswirar duniya ta dace da ɗakin karatu, domin ita kaɗai ce zanen da ake so a matso kusa a duba. Sai dai tana tsufa: wadda aka zana kafin 2011 ba ta da Sudan ta Kudu, ta kafin 2018 kuma tana kiran Eswatini da tsohon sunanta. A duba tsarin da aka bi wajen shimfiɗa duniya a kan takarda ma. A tsarin da ake kira Mercator, Girinlan tana fitowa kusan girman Afirka, alhali Afirka ta ninka ta wajen sau 14. Yaron da ya tashi yana kallon wannan kullum, da shi zai girma a ka.

Ɗakin yara kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce: yaro ya fi bango saurin sauyawa. Jarumin katun ɗin da yake kuka a kansa yana ɗan shekara huɗu, yana ɗan bakwai kunyarsa zai ji. A zana abin da ba shi da shekaru, tuddai, gajimare, taurari, sannan a liƙa jaruman da sitika mai ciruwa.

Hannu ko inji

Bayan salo sai hanyar da zai hau bango, kuma wani lokaci ita ke soke zaɓin farko. Zanen hannu yana bin ɗakin yadda yake: mai zane zai kauce wa soket, ya sa reshe ya zagaye taga, ya haɗa launin da ya dace da labule. Babu mahaɗa, gyara kuma da burushi ne. Amma sakamakon ya rataya kacokan a kan gwanintar mutum ɗaya, don haka a ga aikinsa a bango na gaske, a kuma amince da ƙaramin samfuri mai launi kafin ya fara. Ganye, fili mai hazo da fagagen launi sun fi kyau da hannu. Hoton kyamara da zanen lissafi mai sarƙaƙiya aikin inji ne.

Takardar da aka buga iri uku ce a kasuwa. Akwai mai bayan zare-zare, wadda ake shafa gam a bango a ɗora ta a bushe. Ba ta miƙewa, ba ta tsukewa, kuma takan ciru falle guda. Ita ce ta fi dacewa da yawancin ɗakuna. Akwai mai fuskar roba, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ta dace da kicin da wurin da hannun yara ke kaiwa, amma ba ta barin bango ya yi numfashi, in akwai laima a ciki fumfuna za ta taru a bayanta. Sai mai gam a jikinta kamar sitika, wadda masu haya ke so. Ita kam wani lokaci kyan ɗan maciji ne da ita: tana son bango mai santsi sumul, ba ta kama mai gurza-gurza, zafi na sa gefunanta su ɗago, kuma in fentin ƙasa ba shi da ƙarfi, ranar cirewa da shi za ta taho.

Duk wanda aka zaɓa, bangon ne ke da maganar ƙarshe. Mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya zana shahararren aikinsa a bangon ɗakin cin abinci na wani gidan ibada a Milan tsakanin 1495 da 1498. Maimakon ya bi tsohuwar hanya ta zane a kan ɗanyen farar ƙasa, inda launi ke shiga jikin bangon yayin da yake bushewa, sai ya zana a kan busasshe domin ya sami damar aiki a hankali. Tun yana raye zanen ya fara ɓarewa, gyaran ƙarshe da aka yi masa kuma ya ci daga 1978 zuwa 1999. A gida abin da wannan ke nufi shi ne: sabuwar filastar siminti a ba ta aƙalla kwana 28, sabon fenti a ba shi wajen mako huɗu kafin a liƙa masa takarda mai gam, bango mai laima kuma a gano inda ruwan ke shigowa a toshe kafin a yi maganar ado. A tsohon gida a yi hattara da kankare fenti, musamman inda akwai yara, domin tsofaffin fenti da yawa na ɗauke da gubar dalma. Amurka sai a 1978 ta hana amfani da irinsa a gidaje.

Haske kuma yana iya sauya launin da ka zaɓa ya koma wani. Ƙwan da aka rubuta 2700K a kwalinsa haskensa rawaya ne, yana raya ja da ruwan ƙasa, yana kashe shuɗi ya koma toka-toka. Mai 6500K fari ne mai sanyi, yana yin akasin haka. Fuska mai sheƙi a bangon da ke kallon taga madubi take zama, rabin zanen ya ɓace cikin ƙyalli, don haka mara sheƙi ta fi. Bangon da rana ke duka kai tsaye kullum zai koɗe, ja da ruwan hoda su ne kan gaba wajen gudu.

Gwaji mafi arha shi ne majigi: a haska hoton a bangon da dare, kayan ɗaki na wurarensu, a zauna a kujerar da aka saba zama. Nan take za a ga abin da kabad zai rufe da inda layin sama ya faɗo. Majigi ba ya nuna launi na gaskiya, don haka a nemi samfurin takardar ko a shafa fentin a kwali mai faɗi, a liƙa a bangon, a duba shi da safe, da rana, da kuma ƙarƙashin fitila. In za a yi odar bugawa, a ba da awo mafi girma da aka samu a tsayi da faɗi, a ƙara santimita 5 zuwa 10 a kowanne domin yankewa, a kuma tabbatar babu wani abu mai muhimmanci a zanen da ya faɗo cikin wannan gefen. Falle na farko a daidaita shi da igiya mai nauyi da aka sako daga sama, ba da kusurwar ɗaki ba, domin duk sauran a kansa za su jeru.